Laifosom a Cikin Hanji: Abin da Kwalba Ta Alkawarta da Abin da Jiki Ya Karɓa

A 'yan shekarun nan wata kalma ta yawaita a jikin kwalaben ƙarin gina jiki da ake shigowa da su daga Amurka da Turai da Indiya, waɗanda ake gani a manyan shagunan magani da tallace-tallacen Instagram da WhatsApp. Kalmar ita ce "liposomal", kuma akan liƙa ta a gaban sunan bitamin C, ko sinadarin kurkur, ko wani abin da aka tatso daga ganye da 'ya'yan itace. Nufinta shi ne an ƙunshe sinadarin a cikin laifosom, wato wasu ƙananan ƙullin maiƙo da ido ba ya iya gani. Alkawarin da ke biye da ita kuwa shi ne ƙullin zai ratsa tumbi da hanji lafiya lau, ya je ya sauke kayansa a cikin jini. Farashin kwalbar ma yakan bi alkawarin ya yi sama.

Matsalar da ake cewa laifosom ya zo warwarewa ta gaske ce, kuma fasahar kanta ta ceci rayuka a asibitoci. Sai dai hujjojin da ke hannu suna nuna abu uku da mai talla ba ya faɗa. Laifosom ɗin da aka haɗiya yawanci a ƙaramin hanji yake wargajewa. Ƙaruwar sinadari a jini ba ta tabbatar da ƙaruwar lafiya. Wani lokaci ma wannan ƙaruwar ce ke jawo ciwo. Mai saye, da likitan da za a nemi shawararsa, da ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, duk suna buƙatar sanin inda iyakar wannan fasaha take.

Asalin ƙullin

A farkon shekarun 1960 wani likitan jini ɗan Ingila, Alec Bangham, yana aiki a cibiyar bincike ta Babraham kusa da Kambirij, ya lura da yadda wani nau'in maiƙo da ake kira fosfolifid yake yi idan aka zuba shi a ruwa. Kowace ƙwayar wannan maiƙo tana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudunsa. Da zarar sun sami kansu a ruwa sai su jeru sahu biyu, wutsiyoyi a ciki suna fuskantar juna, kawuna a waje, sa'an nan sahun ya naɗe ya zama ƙwallo mai ɗigon ruwa a tsakiya. Irin wannan tantani ne ke kewaye da kowace ƙwayar halitta a jikin mutum. Bangham ya wallafa cikakken bayani a 1965, daga baya wani masani ɗan Amurka, Gerald Weissmann, ya raɗa wa ƙwallon suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin maiƙo da jiki.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Abin da ke narkewa a ruwa ana iya ɓoye shi a tsakiya, abin da ke narkewa a mai kuma ya zauna a cikin bangon. Girman laifosom na magani yakan kai kimanin nanomita 100, sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin silin gashi. Maiƙon da ake yin sa da shi kuwa, wato lesitin, daga waken suya ko gwaiduwar ƙwai ko irin furen rana ake samunsa.

A 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Doxil, maganin sankara da aka ƙunshe a laifosom domin rage lahanin da yake yi wa zuciya. Haka aka yi wa amfoterisin B, magani mai ƙarfi da ke wahalar da ƙoda, aka fitar da shi da sunan AmBisome. Ana amfani da shi wajen maganin cutar kala-azar a Indiya da Sudan, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba da shi ga wani nau'in sanƙarau da ke kama masu ƙanjamau. Wannan tarihi ne ke ba kalmar kwarjini a idon mai saye. Amma waɗannan magunguna duka ta jijiya ake ba da su, ba sa bi ta tumbi ko hanji. Tun a 1976 masu bincike a Ingila suka gwada ƙunshe insulin a laifosom don a riƙa haɗiya, ga shi kusan shekara hamsin ke nan masu ciwon sukari suna nan suna yin allura.

Matsalar da ake son warwarewa

Iskar oksijin da jiki ke rayuwa da ita ita ce kuma ke cin abubuwa sannu a hankali, kamar yadda ƙarfe ke tsatsa, ko man gyaɗa ya daɗe a ajiye warinsa ya juya. Sinadaran da ke dakatar da wannan ci su ake kira antioksidan, kuma tsirrai cike suke da su: kurkumin a kurkur, antosayanin da ke ba zoɓo jan launinsa, kwasetin a albasa da ganyen zogale, resberatirol a fatar inabi da gyaɗa, karotin a karas da manja. A kwalbar gwaji duk suna nuna bajinta. A jikin mutum kuwa kaɗan ne daga cikinsu ke isa jini a siffarsu ta asali, kuma dalilin ya bambanta daga wannan zuwa wancan.

Kurkumin kusan ba ya narkewa a ruwa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, an ba mutum 24 kurkumin daga miligiram 500 har zuwa 12,000 a sha ɗaya. Mutum biyu kacal aka ga ɗan alamarsa a jininsu, kuma su ne cikin waɗanda suka sha 10,000 da 12,000. Antosayanin kuwa matsalarsa rashin juriya ce. Yana zaune lafiya a wuri mai tsami, amma da tsamin ya ragu sai ya fara rushewa. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗiga ruwan kanwa a jan zoɓo ya ga yadda launin ke juyawa ya yi duhu nan take, kuma irin wannan sauyi ne ke jiran sa idan ya bar tsamin tumbi ya shiga hanji.

Resberatirol shi ne ya fi koyar da darasi. Wani bincike na 2004 ya nuna cewa aƙalla kashi 70 cikin 100 na abin da aka sha yana ratsa bangon hanji, amma ɗan burbushi ne kawai ake samu a jini a siffarsa ta asali. Bangon hanji da hanta suna kama shi nan da nan su liƙa masa wasu ƙwayoyin sukari ko na salfa, domin ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Jiki yana ɗaukar irin waɗannan sinadarai a matsayin baƙi ne, yana kuma sallamarsu da gaggawa. Ƙulli na iya taimaka wa abin da ba ya narkewa, yana iya kare abin da ke saurin rushewa, amma ba shi da ikon hana hanta aikinta.

Tafiyar ƙulli daga baki zuwa hanji

A baki babu wani abin da ke samun laifosom, don bai daɗe a can ba. A tumbi ma yakan yi ƙoƙari. Tsamin wurin yana da ƙarfi, amma babban inzayim ɗin da ke can, wato fefsin, furotin yake narkarwa, bai damu da fosfolifid ba. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa ƙullin yakan fita daga tumbi da mafi yawan kayansa, ko da yake wasu sukan manne da juna ko su ɗan yi yoyo.

A ƙaramin hanji ne labarin ke sauyawa. Can ne matsarmama ke kwararo ruwanta, wanda ke ɗauke da gishirin da ke yi wa maiƙo abin da sabulu ke yi wa kwanon miya. Gishirin yakan kutsa cikin bangon laifosom ya kwance sahun. A lokaci guda fankiriyas, wato sashen jikin da ke yin insulin, yana turo wani inzayim da aikinsa ke nan ya yanke wutsiya ɗaya daga kowace ƙwayar fosfolifid. Ƙwayar da ta rasa wutsiya ba ta iya riƙe sahu. Cikin ɗan lokaci ƙwallon ya fashe, ruwan da ke tsakiyarsa ya zube cikin hanji, ragowar bangon kuma ya haɗu da gishirin matsarmama su zama wasu ƙananan dunƙule da ake kira maisel.

Wannan fashewa ba asara ce gaba ɗaya ba. Maisel su ne kwale-kwalen da jiki ke amfani da su kullum wajen kai duk abin da ke narkewa a mai zuwa bangon hanji. Sinadari irin kurkumin ko karotin da ke zaune a bangon laifosom yakan wuce cikin maisel kai tsaye a narke, alhali da garinsa aka sha da ruwa da mafi yawansa ya wuce a bayan gida. Nan ne ainihin amfanin laifosom na baki yake: yana riƙe sinadarin a narke, yana kare shi daga haske da iska a kwalba da kuma tsamin tumbi, har ya miƙa shi ga hanyar da jiki ya riga ya tanada. Wannan aiki ne mai amfani, amma ya yi nisa da hoton da ake zanawa a talla na ƙwallo yana shawagi cikin jini. Sa'an nan fosfolifid ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ko biyu ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da giram 10 zuwa 20 da hanta ke zubawa a hanji ta ruwan matsarmama kowace rana.

Masu bincike sun san wannan rauni, shi ya sa suke ta neman dabarun ƙarfafa ƙullin. Wasu suna cusa kolestarol ko makamancinsa na tsirrai a bango don ya yi tauri, wasu suna yi masa rufi da kaitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande, wasu kuma suna sa gishirin matsarmama a cikin bangon tun wajen haɗawa. Kowace dabara tana da kuɗinta. Idan bangon ya yi ƙarfi ainun sai ya ƙi sakin kayan a inda ake buƙata, idan ya yi rauni kuma ya zubar tun ba a isa ba.

Kwalbar gwaji da jikin mutum

Mafi yawan alƙaluman da ake yaɗawa game da laifosom da sinadaran tsirrai daga narkar da abinci na kwaikwayo suka fito. Wani gungun masana da ake kira INFOGEST ya fitar da daidaitacciyar hanyar yin wannan gwaji a 2014, ya sabunta ta a 2019. Ana cuɗa samfurin da ruwan da ya yi kama da miyau na minti biyu, sai a sa shi a ruwa mai tsamin tumbi na awa biyu, sai a ruwan hanji mai gishirin matsarmama na wasu awa biyu, duka a zafin jiki na digiri 37. A ƙarshe a auna yawan sinadarin da ya rage a narke. Hanya ce mai kyau, mai sauƙin kuɗi, kuma ta sa ana iya kwatanta sakamakon jami'o'i daban-daban.

Amma kwalbar ba ta da bangon hanji, ba ta da majinar da ke lulluɓe shi, ba ta da hanta, ba ta da ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji. Abin da take aunawa shi ne abin da ya shirya shiga, ba abin da ya shiga ba. Idan takarda ta ce laifosom ya ninka narkewar kwasetin a irin wannan gwaji, gaskiya ta faɗa, sai dai ba ta ce komai ba game da jinin mutum, balle lafiyarsa.

Batun ƙwayoyin babban hanji yana da nauyi na musamman. A 2013 masu bincike a Jami'ar East Anglia ta Ingila suka ba maza takwas miligiram 500 na wani antosayanin da aka yi wa alama don a bi sawunsa. Da suka ƙirga har da gutsattsarin da ya rikiɗa ya zama, sai suka ga fiye da kashi 12 cikin 100 ya shiga jiki, adadin da ya ninka abin da ake zato a da sau da yawa, kuma gutsattsarin sun daɗe a jini har kwana biyu. Ke nan wani babban sashe na aikin waɗannan sinadarai yana iya zuwa ne bayan sun rushe. Idan haka ne, ƙoƙarin hana su rushewa ba lallai ya zama ci gaba ba.

Akwai gwaje-gwajen mutane, kuma adalci ne a ambace su. A 2011 an gwada wani haɗin kurkumin da lesitin, ɗan'uwan laifosom, a kan mutum tara, aka ga abin da ya shiga jini ya ninka na kurkumin zalla kusan sau 29. Amma masu binciken da kansu suka bayyana cewa siffofin da hanta ta riga ta sauya ne kawai suka gani, kuma yawansu bai kai wanda ke aiki a kwalbar gwaji ba. A 2016 kuma wani gwaji a Jami'ar Jihar Kolorado ya ba mutum 11 giram 4 na bitamin C. Na laifosom ya fi na yau da kullum hawa a jini, bai kai na jijiya ba, amma kariyar da aka auna a jiki iri ɗaya ce a duka ukun. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Lokacin da yawa ya zama cuta

Duk tallan ya dogara ne a kan zaton cewa ƙarin antioksidan ƙarin lafiya ne. An gwada wannan zato a manyan bincike, kuma bai tsira ba. A Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 ƙwayoyin beta-karotin ko bitamin E ko na bogi, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin masu shan beta-karotin. Wani gwaji makamancinsa a Amurka, mai mutum fiye da 18,000, an dakatar da shi a farkon 1996 bayan an ga ƙarin kashi 28 cikin 100. Karas bai taɓa yi wa kowa haka ba. Abin da ya yi ɓarnar shi ne cire sinadari ɗaya daga abinci a ninka shi. A 2012 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan a abinci, tana mai cewa ma'aunin kwalba ba ya nuna abin da ke faruwa a jiki, kuma 'yan kasuwa suna amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba.

Kurkur ya ba da misali mafi kusa. Mutanen Indiya sun shekara dubbai suna cin sa a miya lafiya, kuma wani ɓangare na wannan aminci daga ƙarancin shigarsa jini yake. A 1998 masu bincike a Bangalore suka nuna cewa miligiram 20 na sinadarin barkonon masoro yana ninka shigar kurkumin sau 20, daga nan kamfanoni suka shiga gasar ƙara shigarsa. A 2019 hukumomin Italiya suka tattara rahoton mutum sama da ashirin da hantarsu ta kumbura bayan shan ƙwayoyin kurkur. A 2022 wata cibiyar bin diddigin ciwon hanta a Amurka ta ba da rahoton mutum goma, ɗaya ya rasu. Faransa ta yi gargaɗi a 2022, Ostireliya a 2023, dukansu suna nuni da haɗe-haɗen da ke ƙara shiga jini. Iyakar da masana na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa kurkumin, miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, an tsara ta ne a kan kurkumin na yau da kullum, ba wanda aka buɗe wa ƙofa ba.

Wannan gargaɗi ya fi shafar ƙasar da ciwon hanta ya yi wa yawa. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, da yawansu ba su sani ba. Ga irin wannan mutum, ko mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau ko na hana daskarewar jini, kwalbar da ke alfahari da ninka shiga jini abar tambayar likita ce kafin a buɗe murfinta.

Abin da ya kamata a tambaya

Doka ba ta tsaya wa mai saye yadda yake zato ba. A Amurka, tun dokar 1994, kayan ƙarin gina jiki ba sa buƙatar amincewar hukuma kafin a sayar da su, alhali maganin laifosom na asibiti sai an nuna girman ƙullin da yawan abin da ya ƙunsa da juriyarsa. A Nijeriya kayan ganye da NAFDAC ta yi wa rajistar farko dole su rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance ikirarin warkarwarsu ba. Ga kuma zafi. Lesitin na waken suya maiƙo ne da iska ke ci, kuma laifosom na ruwa yakan manne ya yi yoyo idan ya daɗe a ɗumi. Kwalbar da ta kwana a kwantena ta zauna a kanta a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, da wuya abin da ke cikinta ya kasance yadda ya bar masana'anta. Tambayoyin da suka dace su ne ko an gwada wannan samfurin kansa a jikin mutane, mutum nawa, da me aka kwatanta shi, kuma me aka auna, yawan sinadari a jini ko sauƙin wata cuta.

Inda fasahar ta fi alkawari a wannan yanki shi ne masana'antar abinci. Jigawa da Kano suna fitar da busasshen zoɓo zuwa ƙasashen waje, musamman Meksiko, yawanci ɗanye ba tare da sarrafawa ba, kuma ana noman waken suya a Binuwai da Kaduna. Ƙullin da zai riƙe jan launin zoɓo a kwalba na watanni a wannan zafi, ko ya ɓoye ɗacin zogale a kunun yara, ko ya hana sinadarin ƙarfe ɓata ɗanɗanon abincin da aka ƙara wa gina jiki, abu ne da ake iya aunawa a gani, kuma yana da kasuwa. Sassan kimiyyar abinci da haɗa magunguna a Zariya da Kano da Yamai za su fi amfanar jama'a da irin wannan aiki, muddin ba su tsaya a kwalbar gwaji ba.

Game da abinci kuwa, hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen abin da ke cikin tukunya. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka ba mutum 65 masu ɗan hawan jini kofi uku na shayin zoɓo ko na bogi kullum har mako shida. Lambar sama ta awon jini ta sauka da kusan maki 7 a masu shan zoɓo, da kusan maki 1 a sauran, ba tare da an ƙunshe komai a wani ƙulli ba. A 2004 wani gwaji a Jami'ar Jihar Iowa ya nuna cewa ganyen da aka ci ba mai kusan ba ya ba da karotin ko kaɗan, da aka zuba mai kuwa sai ya shiga jini. Mai ne ke kiran ruwan matsarmama, ruwan matsarmama kuma shi ke yin maisel. Matar da ta kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli ta yayyafa man gyaɗa a kai ta riga ta tanadi mafi yawan abin da laifosom zai yi wa wannan ganye, a farashin da kowane gida zai iya biya.